Ba wuƙar likita ce ta kwantar da ni ba

Mu tara Umma ta haifa, kuma dukkanmu a ɗakinta na Tudun Wada muka faɗo duniya, a kan leda da tsohon zani. Ko sau ɗaya ba ta kwana asibiti don haihuwa ba. Ranar barka in mata sun cika tsakar gida, hirar ke nan: wance jaruma ce, ko nishinta ba a ji ba sai kukan jariri. Ni kuma ina gefe ina wanke-wanke, kunnena na wajensu. Akwai maganar da ba a ɗaga murya a faɗe ta, sai an sunkuyo: "Ai ita aiki aka yi mata." Yadda ake faɗinta, sai ka ɗauka wani abin kunya matar ta aikata.

Ina shekara 11 wata maƙwabciyarmu ta yi kwana uku tana naƙuda a ɗaki. A rana ta huɗu aka ɗauke ta zuwa asibiti, aka yi mata aiki, aka dawo da ita da jaririyarta. Ba ta kai arba'in ba. Har yau ban manta warin da ya riƙa fitowa daga ɗakin nan a kwanakinta na ƙarshe ba, da turaren wuta da ake ta zubawa a kasko don ya danne shi, bai danne ba. Da ta rasu, unguwa ta yanke hukunci cewa aikin ne ya kashe ta. Ban ji mutum ɗaya ya ambaci kwana ukun da ta yi a ɗaki ba. Da wannan tsoron na tashi, da shi kuma na shiga gidan miji.

An kai ni Rigasa ina shekara 23. Maigidana yana sayar da yadi a Kasuwar Barci, ni kuma ina ɗinki a gida. Shekara huɗu shiru, ko ɓatan wata ban yi ba. A cikin shekarun nan na yi jiki sosai, don daga kan keken ɗinki sai murhu sai tabarma, ga damuwar rashin haihuwa da ke sa ni yawan ci. Da Allah ya kawo cikin, murna ta rufe min ido. Sai da ya shiga wata na shida na fara zuwa awo, kuma sau uku kacal na je. A zuwan farko nas ta ja fatar idona ta duba, aka ɗebi jini, ta ce jinina ya yi ƙasa. Aka ba ni jajayen ƙwayoyin nan na ƙarin jini da 'yan ƙanana masu ruwan ɗorawa. Na sha na kwana biyar, suka riƙa tayar min da zuciya, bayan gidana ya koma baƙi, na tsorata na jefa su saman sif. Ashe haka maganin yake yi wa mutane da yawa, ba illa ba ce. Da na tambaya da an faɗa min. Ban tambaya ba.

A zuwa na biyu aka ga suga a fitsarina. Aka rubuta min takarda, aka ce in dawo da sassafe kafin in ci komai a gwada jini. Goggona tana da ciwon suga, Baba ma da shi ya rasu, amma ni a tunanina ciwon tsofaffi ne. Ga layi, ga kuɗin gwaji, ga masu ɗinkin biki suna ta aike. Takardar ta zauna a cikin katin awo har ta yi laushi. Abin da na mai da hankali a kansa shi ne maganin zaƙi da Hajiya, mahaifiyar maigidana, take aiko min a galan tun wata na bakwai. Da zuciya ɗaya take aikowa, da zuciya ɗaya nake sha, don a saninmu zaƙi ne ke tare hanyar haihuwa, sai an wanke shi. Zaƙin da ke yawo a jinina kuwa, wanda yake ta ƙara wa yaron girma yana kuma karya garkuwar jikina, ba wanda ya auna shi.

Wani daren Talata a watan Maris, garin ya ɗau zafi, ga ba wuta, bayan isha'i ina ninke kaya na ji ruwa mai ɗumi ya biyo ƙafata. Ciwo babu ko kaɗan. Maigidana ya kira Hajiya, ta zo ta haska zanin da tocila ta ce, "Alhamdu lillahi, zaƙi ne yake fita. Kwanta ki huta, haihuwar fari ba a yi mata gaggawa." Shi ya ce ko dai mu je asibiti a duba. Ni ce na ce a'a. Ina so in faɗi wannan a fili don kada a ɗora wa tsohuwa nauyin da ba nata ba ne ita kaɗai. A raina cewa nake, in na je da wuri likitoci za su gaji da jira su yanka ni.

Laraba ruwa ya ci gaba da ɗiga. Ungozoma ta zo da hantsi, ta shafa mai a hannu ta duba, ta ce da saura. Ta dawo bayan azahar ta sake, ta kuma sake da la'asar. Da dare mara ta fara murɗawa da gaske, aka kira wata mata a layinmu da ta taɓa zama a kemis. Ta ciro safar hannu daga jakarta, ta duba ni, ta yi min allura a cinya wai ta ƙara naƙuda. Ina gani ta cire safar ta ajiye a hannun kujera, bayan kamar awa ɗaya ta ɗauka ta sake sawa. Kafin asubar Alhamis na daina ƙirga sau nawa aka sa min hannu, na san dai ya wuce bakwai. Kowacce daga cikinsu da niyyar taimako ta shigo ɗakina, wannan ba na shakka.

Da azahar ɗin Alhamis jikina ya ɗau zafi, ina rawar sanyi a cikin wannan rana. Ruwan da ke fita ya koma kore-kore, da ɗan wari, yaron kuma ya rage motsi. A nan maigidana bai sake neman shawarar kowa ba, ya fita ya tsayar da Keke Napep. Muka fara zuwa wani ƙaramin asibiti a kusa, aka sake duba ni sau biyu, wata yarinya ta aske min mara da reza cikin sauri har ta ɗan yayyanke ni, sannan aka ce ba su da jini, mu wuce babban asibiti. Ana kiran sallar magariba muka isa. Tambayar farko da likita ya yi ita ce, "Yaushe faya ta fashe?" Na ce daren Talata. Ya ajiye biron hannunsa ya dube ni, ya dubi maigidana, bai yi faɗa ba. Ya ce yaron babba ne, kansa ya ƙi sauka, ya kuma gaji, ni kuma zazzaɓin nan alama ce cuta ta riga ta shiga mahaifa. Aiki za a yi, yanzu. Na fashe da kuka ina roƙo a ƙara min ko awa ɗaya in gwada. Maigidana ya riƙe hannuna ya ce, "Ki yi haƙuri, na jira ki kwana biyu, ba zan ƙara ba." Ya sa hannu a takarda. Yayana ya ba da jini leda ɗaya, aka nemo ɗaya.

Namiji ne, kilo 4.2. Bai yi kuka nan take ba, sai da suka yi ta fama da shi. Aka kai shi ɗakin jarirai, ya yi kwana biyar ana yi masa allurai, don shi ma ya ɗebi rabonsa daga ruwan da ya gurɓace. Ni kuma na farfaɗo da robar fitsari da ƙarin ruwa a hannu, da filasta a ƙasan cibiya. Da na ji ina raye, ɗana yana raye, sai na ɗauka an gama. Likita ya so in ƙara kwanaki, amma na dame shi da roƙo saboda suna, ranar Talata ya sallame ni ba da son ransa ba. Ya ce kada ruwa ya taɓa filastar, in shanye magani har ƙarshe, in kuma na ji zazzaɓi ko na ga wajen ya kumbura ko yana fitar da ruwa, in dawo ko da tsakar dare ne. Maganin da ya rubuta na mako ɗaya ne. Kuɗi sun ƙare, ga ragon suna, sai muka sayi na kwana uku da niyyar za a ciko. Ba a ciko ba.

Gida na wuce, Tudun Wada, wankan gida kamar kowace mai haihuwar fari. Tun kafin in iso Umma ta tanadi itace da babbar tukunya da ganyen darbejiya. Na faɗa mata abin da likita ya ce. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To ba za a taɓa cikin ba, baya da kafaɗu kawai za a gasa. Mai jego ba wanka, ai sanyi ya shige ta ke nan har abada." Na yarda, don ni ma haka na sani. Asuba da yamma sai in zauna a kan kujera 'yar tsugunno a makewayi, ruwa na tururi a bahon ƙarfe, Umma ta tsoma ganye ta fyaɗa min a baya. Ruwa kuwa ba ya tsayawa inda aka ce ya tsaya. Yana gangarowa ta kwiɓi ya taru a ƙarƙashin tumbina, daidai inda ɗinkin yake, don mai jiki irina fatar ciki saukowa take ta rufe wajen. In an gama sai Goggo ta ɗaure min ciki tamau da zani, wai kada ya saki. Filasta a jiƙe, zani a kai, zufa a ƙarƙashi, iska ba ta shiga. Ga kunun kanwa da ake dama min da suga har cokali uku, don in samu ruwan nono.

Daren Laraba na fara jin wajen yana zogi, irin zogin da ke bugawa tare da bugun zuciya. Da na ɗaga gefen filastar na leƙa da fitilar waya, fatar ta yi ja, ta yi tauri, ta ɗau zafi. Na mayar na rufe. Gobe suna, an gayyaci jama'a, an yi anko, wa zan faɗa wa? Ranar suna na sa leshi na ɗaura ɗankwali, aka yi min kwalliya, ina zaune a bakin gado ina amsa barka, haƙorana na haɗuwa don sanyi. Wata ta taɓa goshina ta ce ruwan nono ne ke kawo wannan, wata ta ce cizon sauro ne, aka aika kemis aka sayo maganin zazzaɓi. Ni kaɗai na san ina jin wari. Daga wajen ɗinkin yake, da kuma jinin biƙi da ya canza. Na gane warin nan, tun ina shekara 11 na san shi. Maimakon in yi magana, sai na ce wa ƙanwata ta ƙaro turaren wuta. A duk abin da na yi, wannan ne har yau in na tuna nake jin zuciyata ta yi nauyi. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ni kuwa na ɓoye, har ga uwar da take yi min wankan.

Daren Asabar, kwana tara da aikin, yaron ya farka yana kuka. Na yunƙura na sunkuya zan ɗauke shi, sai na ji wani abu ya saki a marata, kamar an kwance bakin leda. Ruwa mai ɗumi ya jiƙe min zani har cinya. Na kira Umma. Ta haska, ta ga mugunya gauraye da jini, rawaya-rawaya, tana fita ta gefen ɗinkin da ya buɗe kamar tsawon yatsa. Wari ya cika ɗakin. Umma ta ce "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," hannunta na rawa har fitilar ta faɗi. Ba ta ce a kira ungozoma ba, ba ta ce a jira gari ya waye ba. Da kanta ta fita ba mayafi ta buga wa maƙwabcinmu mai mota ƙofa.

A asibiti zafin jikina ya haura 39. Likita ya sa almakashi ya cire sauran zaren, ya buɗe wajen gaba ɗaya, ya matse, mugunya ta kusa cika ɗan kwanon ƙarfen da nas ta tara. Ya dangwali kaɗan da tsinke mai auduga aka kai ɗakin gwaji don a san wace ƙwayar cuta ce da maganin da zai ci ta. Ya ce mu gode wa Allah, ɗinkin ciki da ke riƙe da hanji bai buɗe ba, na fata da kitse ne ya lalace, amma mahaifa ma ta kamu, kuma da mun ƙara kwana ɗaya ko biyu cutar na iya bin jini, daga nan sai abin da Allah ya yi. Aka gwada suga a daren, ya yi sama sosai. Aka fara min allurar insulin, aka ƙara min jini, aka ɗaura magani ta jijiya. Wajen kuwa ba a ɗinke ba, a buɗe aka bar shi, wai sai ya tsarkaka daga ƙasa.

Mako uku na yi a kwance, kuma kullum da safe akwai wankin ciwo. Ina jin ƙarar keken kayan aiki daga nesa jikina zai fara ɓari. A ja labule, a zare audugar jiya da ta manne da nama, a wanke da ruwan gishirin asibiti, a goge ruɓaɓɓen nama, a cusa sabuwa. Nakan cusa bakin mayafi a baki in cije. Rana ta biyar na yi ƙarfin hali na leƙa. Rami ne a jikina, mai zurfin gaɓar yatsa biyu, gefensa rawaya, ƙasansa fari-fari. Na yi kuka ranar har aka rasa mai lallashina.

Akwai wata Sista babba, ta kusa ritaya, ita ta fi yi min wankin. Tana aiki tana magana don ta ɗauke min hankali, kuma daga bakinta na fara fahimtar abin da ya same ni. Wata rana na ce mata, "Sista, dama abin da nake gudu ke nan. Aikin nan ne ya jawo min." Ba ta musa min gaba ɗaya ba. Ta ce gaskiya ne wadda aka yi wa aiki ta fi wadda ta haihu da kanta haɗarin kamuwa da cuta nesa ba kusa ba, don an yanka fata an buɗe mahaifa. "Amma 'yata," in ji ta, "sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Naki bangon tun daren Talata ya tsage." Ta ce faya ita ce murfin da ke raba yaro da ƙwayoyin cutar da ke gaban mace. In ta fashe hanya ta buɗe, kuma in aka wuce awa 18 ba a haihu ba, su a asibiti magani suke fara ba mace tun kafin zazzaɓi ya zo. Duk hannun da aka sa kuma, tura ƙwayoyin yake yi sama, shi ya sa ko su da safa mai tsabta ba sa duba mai naƙuda sai bayan awa huɗu-huɗu in ba da dalili ba. Lokacin da likita ya buɗe ni, ta cikin gurɓataccen ruwa ya ciro yaron, ruwan kuma ya taɓa duk inda wuƙa ta bi.

Sauran kuma a hankali na tattara su, wani daga gare ta, wani daga likita in ya zo zagaye. Jini ne ke kai wa ciwo iska da abincin da zai warke, ni kuwa da ƙarancinsa na shiga, na kuma zubar da wani a tiyata. Suga in ya yi yawa yana kashe wa sojojin jini ƙarfi, ya kuma hana nama haɗuwa, ga shi ana iya gano na masu ciki da gwaji tsakanin mako na 24 da na 28, daidai lokacin da takardata ke kwance a cikin kati. Kitse ba shi da hanyoyin jini sosai, in ya yi kauri ruwa kan taru a cikinsa bayan ɗinki. Hatta rezar nan, 'yan yanke-yanken da take bari mazaunin ƙwayoyin cuta ne, shi ya sa yanzu ake hana aski da ita kafin aiki. Aikin gaggawa bayan doguwar naƙuda kuma ba ɗaya yake da wanda aka sa wa rana aka shirya ba. Sai maganin da na yanke a kwana uku, sai jiƙaƙƙiyar filasta. Da na jera su a raina ina kwance, na ga kusan babu wanda na tsallake.

Amma ba zan yi adalci ba in na ce duk wadda ɗinkinta ya ruɓe ita ta jawo. A gadon da ke kusa da nawa akwai wata baiwar Allah daga Kawo, siririya, ba suga, ba hawan jini, ba ta fasa awo ba, kuma tana jin ciwo ta taho asibitin da take zuwa. Ita ma ga ta da rami irin nawa. Akwai rabon da ke wuyan masu aikin: tsabtar kayan tiyata da ɗakin, wanke hannu tsakanin majinyaci da majinyaci, ruwan famfo da wutar da ba a rasa ba, daɗewar aikin kansa, da allurar kashe ƙwayoyin cuta da ya kamata a yi wa mace minti 30 zuwa 60 kafin a sa mata wuƙa, ba bayan an gama ba. Wasu kuma da wata lalurar suke zuwa, kamar cuta mai karya garkuwar jiki. Daga baya na karanta cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2016 cewa a Afirka har mace 1 cikin 5 da aka yi wa aikin haihuwa ciwonta kan kamu da cuta. Da na ga wannan adadi na tuna fuskokin ɗakinmu, na ce lallai ba mu kaɗai ba ne, kuma nauyin ba na matan kaɗai ba ne.

Jinyar ta cinye mu. Na sayar da keken ɗinkina da 'yan kunnen aurena, maigidana ya karya farashin yadi ya sayar don a samu na magani, don gwaji ya nuna maganin farko ba ya cin ƙwayar, sai wani mai tsada. Amma abin da ya fi kuɗi ciwo shi ne ɗana. Yana Tudun Wada, ana kawo shi sau ɗaya a rana, ba na iya ɗora shi a cinya, ruwan nono ya ja baya. Na jira shi shekara huɗu, ga shi ƙanwata ce ta fi ni sanin kukansa. Masu zuwa dubiya kuma kowa da tasa. Wata ta ce baki ne, don an ga yaro ƙato. Wata ta ce likitoci sun manta almakashi a ciki. Mafi yawa dai abin da aka faɗa a kan maƙwabciyarmu shi aka maimaita a kaina, har a gabana: "Aikin nan ba alheri ba ne." Da farko shiru nake yi. Daga baya na fara amsawa, ina kwance, murya ba ƙarfi, in ce, "Aikin ne ya fitar min da ɗa da rai. Ku tambaye ni kwana nawa na yi a gida."

Umma ce ke kwana da ni, a kan tabarma a ƙasan gado. Ta rame fiye da ni. Wani dare na farka na same ta zaune da carbi, ta ce, "Ni na jiƙa miki ciwon nan da hannuna." Na ce, "Umma, ni ma na ji wari tun ranar suna na ɓoye miki." Muka yi shiru. Can ta kira sunan maƙwabciyar nan tamu da ta rasu, ta ce, "Ni na riƙa ɗora mata ruwan wanka. Da ta fara wari, mu muka ce kada a mayar da ita asibiti, su suka lalata ta." Ba ta ƙara komai ba, ni ma ban ƙara ba. Shekara goma sha shida tana ɗauke da wannan ban sani ba.

A mako na uku ƙasan ramin ya koma ja kamar naman kankana, Sista ta ce wannan shi ake nema. Aka mayar da ni tiyata aka sake ɗinkewa. Sai da ɗana ya yi wata biyu na iya goya shi. Sugan ya sauka bayan wasu makonni aka tsayar da allura, amma likita ya gargaɗe ni cewa wadda ta yi shi da ciki yana iya dawo mata na dindindin, don haka duk shekara nake zuwa gwaji, na kuma rage tuwo da lemon kwalba, ina tafiya da ƙafa bayan asuba. Tabon yana nan, mai faɗi, ya ɗan lotsa a gefen hagu, in zafi ya yi yakan yi ƙaiƙayi.

Bayan shekara uku na sake samun ciki. Tsoro ya dawo, ba zan ɓoye ba, har na yi mako guda ban faɗa wa maigidana ba. Amma wannan karon tun wata na uku na yanki kati. Na sha ƙwayoyin ƙarin jini, in sun tayar min da zuciya in koma sha bayan abincin dare. Sugan ya sake tasowa, aka kama shi da wuri. Likita ta duba tarihina ta ce aiki ya fi min aminci, muka sa rana. Na ji an ce a watan Nuwamba na 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da yi wa mata marasa ƙarfi aikin haihuwa kyauta, kuma ina roƙon Allah ya sa abin ya kai ga matan unguwanni irin tamu, don na san abin da kuɗin aiki ke sa iyali su yi. Mu dai adashe na shiga tun cikin yana ƙarami, na ware kuɗin magani daban, na ce ko ba rago ba za a taɓa su ba. Ranar aikin, ina kan gado ana shirin tura ni, na tambayi mai ba da maganin barci ko an yi min allurar rigakafin cutar. Ya ɗaga sirinjin ya nuna min, ya ce ga ta nan yanzu za ta shiga.

Mace na haifa. Na koma Tudun Wada kamar wancan karon, sai dai babu itace a tsakar gida. Umma da tawul da ruwan ɗumi take goge min jiki, ta ɗaga fatar cikina da hannu ɗaya ta busar da ƙarƙashin da tsumma mai tsabta da ta goge da dutsen guga. Kullum da safe sai ta sa tabarau ta duba gefen filastar, ta taɓa da bayan hannu ta ji ko da zafi, ta sunkuya ta shinshina. Goggo ta zo da zanin ɗaure ciki, Umma ta karɓa ta ninke ta sa a ƙarƙashin filo, ta ce sai likita ta ce. Da aka cire zare aka ce ciwo ya haɗe, an yarda in yi wanka, ita ta ɗora ruwan da kanta. Ta juye a baho, ta tsoma gwiwar hannunta, ta yi jim, sannan ta ce wa ƙanwata ta miƙo mata bokitin ruwan sanyi.